Ɗaga Kanka, Nuhu

Adjamé, Abidjan
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko kana cikin jirgi ne ko ka riga ka sauka. Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Mahaifiyarka da yayarka Balkisa da duk mutanen gida suna cikin wannan addu'a.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya, kuke cin abinci kwano ɗaya. Sau uku a makon nan na zaunar da kai don in yi maka magana, sau ukun duk na ɓige da zancen rigar sanyi. Baki ya ƙi, shi ya sa na ce bari in gwada hannu. Ina zaune a shago, an gama sauke albasar yau, na ce kada wanda ya kira ni. Ka karanta a hankali. Na san Hausarka ta Treichville ce, rabi Faransanci, sauran kuma Jula, amma kada ka kai wa kowa ya karanta maka. In wata kalma ta gagare ka, ka faɗe ta da ƙarfi, kunnenka zai gane ta ko da idonka bai gane ba.

Maganar bugun da ka sha a ka ce, sau biyu cikin wata huɗu. Koci Kwasi, wanda ya horar da kai a wasan ƙwallo shekara uku, ya ce makon farko da saukarka Amurka likitocin jami'ar da ta ɗauke ka za su duba ka kafin a ba ka hular kwano. Za su tambaye ka ko an taɓa bugun kanka har ka ruɗe. A takardar da muka aika musu an rubuta a'a, kuma ni na sa aka rubuta. Ina so ka ce musu i. Na san abin da hakan zai iya jawowa. Mai yiwuwa su ajiye ka a gefe wata da watanni, mai yiwuwa kuma su ce ba su buƙatarka, karatun da suka ɗauki nauyinsa ya tafi tare da ƙwallon. Na kuma san amsarka tun ban gama ba, za ka ce «Ça va, Baba», wai lafiya lau, ka ɗaga kafaɗa. Ka ajiye wannan tukuna, ka ji abubuwan da ban taɓa gaya maka ba.

Ni dai har yau ban gama gane wasan nan naku ba. Ƙwallo mai kama da gwanda, ƙarti sun yi shigar yaƙi, a yi gudu kaɗan a tsaya, a sake haɗa kai ana shawara. Amma aikinka na gane shi, don na je na gani. Kun ce sunansa lainbaka. Kai ne kake tsayawa bayan sahun gaba, ka karanta inda za a bi da ƙwallo, sannan ka ruga ka ci karo da wanda ya ɗauko ta, ka kayar da shi. Wato a taƙaice, an ɗauke ka aikin karɓar nauyi yana tafe da gudu. To wannan kam ba baƙon aiki ba ne a wurina.

Ka san na baro Illela ina saurayi, na yi dako a tashar Adjamé kafin in samu shago. Abin da ba ka sani sosai ba shi ne shekara goma sha ɗaya da na yi ina shugabantar 'yan dakon da ke sauke motocin albasa a bakin kasuwar Guro. Ni ke zaɓen mutane. Duk safiya samari za su zo su jeru, daga Nijar, daga Mali, daga Burkina, ni kuma in bi su da kallo. Ba na tambayar suna. Wuya nake fara dubawa, sannan ƙugu, sannan in sa mutum ya tsuguna ya miƙe in ga yadda gwiwarsa take. In ce ya buɗe tafin hannu. Wanda ya yi mini, in dafa kafaɗarsa in ce masa ɗana. Kuma ba ƙarya nake ba a lokacin, har cikin raina ina jin daɗinsa. Amma ran da bayansa ya riƙe, da safe akwai wasu ashirin a jere, sai in dafa kafaɗar wani in ce masa ɗana. Akwai mutanen da suka yi mini aiki shekara biyu, yau ko za a yanka ni ba zan iya kawo sunansu ba.

Ran da Ba'amurken nan mai zaɓar wa jami'ar 'yan wasa ya zo gwajinku a Cocody, ina tsaye bayan shingen waya ina kallonsa. Ya auna tsawon hannunka da igiyar awo, ya buɗe tafinka, ya sa ka ja da baya da gudu ka juya dama ka juya hagu yana kallon ƙugunka. Ya zagaya bayanka ya dubi wuyanka, ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Ko da bai zo da igiyar awon ba, da na gane shi, sana'armu ɗaya. Da aka gama ya dafa kafaɗarka ya faɗi wata kalma, Kwasi ya fassara mini cewa ɗana ya ce. Ba na cewa mugun mutum ne, na ga alamar mutunci a tare da shi. Ka girmama shi, ka yi masa aiki da gaskiya, ka koyi duk abin da zai koya maka. Sai dai ka riƙe a ranka cewa akwai wasu a jere bayanka, kuma aikinsa ne ya san da su. Jikinka kuwa ba wanda aka ɗora wa tsaronsa sai kai.

Na ji ya ce sai ka ƙara nauyi kafin su saka ka wasa. A nan ma ina da abin faɗa, gajere ne. Lokacin da nake dako akwai wasu ƙwayoyi da mata ke tallarsu a tire a tasha, kowa na sha, ana cewa suna kashe gajiya. Na sha shekara biyu ban taɓa tambayar sunansu ba. Gajiyar ba su kashe ta ba, jin ta kawai suka hana ni, na yi ta ɗora kaya a kan gwiwar da ta riga ta lalace. Ita ce wannan da kake gani ina sallah a kan kujera. Ka ci abincinsu in halal ne, ka ɗaga ƙarfensu, amma duk abin da aka miƙo maka a ɓoye aka ce zai sa ka ƙiba ko ya hana ka jin ciwo, ka mayar wa mai shi. Wanda likita ya ba ka ma, ka sa ya rubuta maka sunansa.

Yanzu maganar wuyan nan da Ba'amurke ya yi wa murmushi. Ni na gina shi, kuma har alfahari na yi a ranar. Ka tuna hutun da ka cika sha huɗu, na ce ba za ka zauna gida kana latsa waya ba, na kawo ka nan kasuwa? Abu na farko da ake koya wa ɗan dako shi ne yadda ake karɓar buhu. Wanda ke saman mota zai sako shi, kai kuma kana ƙasa. Ba a kallon buhu. Sunkuyar da kai ake yi, a manna haɓa a ƙirji, a ba shi ƙeya da doron kafaɗa, ya sauka a nan. Wanda ya ɗaga fuska, buhu zai fasa masa hanci. Duk lokacin da ka ɗago ido kana neman ganin kayan, sai in sa tafin hannu in danna maka ƙeya, in ce sunkuya. Hutu huɗu ina danna ƙeyar nan, har ta kai ko ganye ne ya faɗo daga sama sai ka sunkuya. Abokan aikina suna cewa Ilu ka haifi magaji, ni kuma ina ta washe baki.

Bara Koci Kwasi ya zo har shago. Ya zauna a kan buhu, ya ƙi shayi, ya ce yana da tambaya ɗaya. Ya ce shekara biyu yana ihu a kanka a fili, «Lève la tête!», ka ɗaga kai, ka ga abin da za ka buga. A horo kana yi daidai, amma da zarar wasa ya yi zafi mutum ya taho da gudu, sai ka manna haɓa a ƙirji ka ba shi tsakiyar kanka. Ya ce a wasan nan ba abin da ke karya wuya yana girgiza ƙwaƙwalwa kamar wannan, kuma bai taɓa ganin wanda abin ya kama jikinsa kamar kai ba. Sai ya dube ni ya ce, «Baba Ilu, wa ya koya masa wannan?» A daidai lokacin ana sauke mota a gabanmu, mutum shida a jere kowa ya sunkuya. Ya juya ya kalle su, ya daɗe yana kallo, bai sake tambaya ba. Ni kuwa na ce masa ban sani ba, ƙila a makaranta ne.

To ni ne. Abin da na koya maka daidai ne a ƙarƙashin motar albasa, a filinku kuma shi ne zai iya kwantar da kai. Ka gaya wa kocinka na can tun ranar farko cewa kana da wannan ɗabi'a, ka gaya masa inda ka samo ta, kada kunyar cewa ubanka ɗan dako ne ta hana ka. Ka roƙe shi ya sa maka ido, ya cire ta ko da zai ɗauki shekara kana zaune a benci. Hutu huɗu aka yi ana dasa ta, ba za ta fita a mako biyu ba.

Akwai abu na biyu da na koya maka, wanda ya fi wannan muni. A cikinmu 'yan dako akwai doka: ba a cewa kaya ya yi nauyi, ba a cewa jiki na ciwo. Wanda ya faɗa, washegari sai a tura shi ɗaukar kwandunan tumatir na mata, sunansa ya koma ɗan tumatir har ya bar kasuwa. Ni da bakina na raɗa wa mutane da yawa sunan nan, ana dariya ina jin ni gwani ne. Ban bar dokar a kasuwa ba, na kai ta gida. Kana shekara tara ka faɗo daga katangar makaranta, ka zo kana riƙe da hannu. Na ce in ji kuka in ga ɗan tumatir a gidana. Ka haɗiye. Kwana biyu kana cin abinci da hagu kana cewa lafiya lau, sai da mahaifiyarka ta faki idona ta kai ka asibiti aka ga ƙashi ya tsage. Ta yi mako ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Tun daga ranar ban sake jin ka ce wani wuri na maka ciwo ba, ni kuma a wautata na ɗauka tarbiyya ce ta kama.

Yanzu zan gaya maka abin da na fi daɗewa ina ɓoyewa. Baffanka Sale, ƙanena, wanda ke zaune da tiren goro a tashar Bassam, wanda kuke gaisarwa ya tambaye ku ku 'ya'yan wane ne. Na gaya muku mota ce ta buge shi. Ba mota ba ce.

Sale ya biyo ni Abidjan yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, ya kuma fi ni kai nesa ba kusa ba. Wata uku ya yi ya iya Jula, yana jin Faransanci, direbobi na nemansa don ya iya magana da mutane. Kakarka ta aiko a ce mini amana ce. Na saka shi cikin mutanena, shi ne na gaba a sahu. Wata safiya ana sauke mota, santsi ya ɗebi na saman, buhu ya kuɓuce masa daga can ƙololuwa kafin Sale ya shirya, ya same shi a tsakiyar ka. Ya faɗi, ya ɗan jima a ƙasa, sannan ya tashi yana dariya yana kaɗe wando. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Amma na ga idonsa, Nuhu. Yana kallona kamar wanda aka tasa daga barci, ya tambaye ni wace mota muke saukewa, alhali yana jingine da ita.

A makon nan muna takara da wata ƙungiyar 'yan dako a kan wa zai riƙe bakin kasuwar, kuma Sale ne ƙarfinmu. In na zaunar da shi, za a ce ƙanen shugaba ya zama ɗan tumatir. Na zuba masa ruwa a ka, na saya masa garba, abincin nan na garin rogo, mai kifi biyu, na ce ya koma sahu. Ya koma. Washegari ya yi amai bayan mota, ya ce kifin ne. Na yarda, don ina son in yarda. Rana ta uku wani buhu ya ɗan goce ya bugi gefen kansa. Ba wani bugu ba ne, na sha ganin wanda ya fi shi an tashi an ci gaba da aiki. Sale bai tashi ba. Kwana tara ya yi a asibiti, da ya farka kuma mutumin da kuka sani ne ya farka, wanda na sani bai dawo ba. Na aika gida cewa mota ce, kakarka ta rasu a kan haka.

Shekara ashirin da shida ke nan. Na ɗauka na yi nadama, na ɗauka na koyi darasi, ina ciyar da shi ina tufatar da shi ina ganin na biya. Sai ga ranar gwajinku. Kusan ƙarshe aka haɗa ku biyu-biyu, ka sunkuya yadda na koya maka, kanka ya haɗu da gwiwar wancan yaron na Yopougon. Na ji ƙarar daga bayan waya. Ka tashi da sauri, aka tafa maka, Ba'amurke ya rubuta wani abu. A cikin woro-woro, tasin haya, muna komowa, muna kan gada, ka juyo ka ce mini, «Baba, yaushe za a fara gwajin?» Na ce an gama, ka yi ƙoƙari. Kafin mu sauka daga gadar ka sake tambayata, da irin muryar ɗazu, kamar ba ka taɓa yi ba. Na dubi idonka na ga idon Sale. Ka san abin da ubanka ya yi? Da muka sauka na saya maka lemo mai sanyi, na ce rana ce ta buge ka, kada ka tayar wa mahaifiyarka da hankali.

Bayan mako uku takardun jami'a suka zo, da fassararsu ta Faransanci. Balkisa ce ke karantawa tana cikewa, muna zaune a tsakar gida. Da ta kai tambayar bugun kai sai ta tsaya, ta ɗago ta dube ni. Kai kana kallon ƙasa. Na tuna 'yan unguwa da suka riga suka fara kirana baban ɗan Amurka, na tuna liman ya yi maka addu'a a masallaci, na tuna irin wahalar da ka sha, shekara uku kana tashi gudu kafin rana ta fito. Na ce mata, «Sa a'a.» Ta ce, «Baba...» Na ce ta sa a'a, na karɓi alƙalami na sa hannu. Na gaya wa kaina don kai na yi. Yau da nake rubutu na san rabi don kai ne, rabi don kada a yi mini dariya a kasuwa.

Na biyun kuma ka ɓoye mini, kuma ba zan ga laifinka ba, wa ya koya maka? Balkisa ce ta gaya mini cewa watan jiya an sake bugunka a horo, ka zagaya bayan fili ka yi amai, ka roƙi abokanka kada su gaya wa Kwasi. Kada ka yi fushi da ita, kuka take yi lokacin da take faɗa. Mahaifiyarka ma ba makauniya ba ce. Ta ga kana sakin labule da rana tsaka, ta ga ka daina kallon waya, kai da ko a bakin abinci ba ka ajiye ta, ta ga fankon maganin ciwon kai a aljihun wandonka. Ta tambaye ni, na ce zumuɗin tafiya ne. Ita ma ƙarya na yi mata.

Makon jiya na kasa daurewa, na je wurin likitan unguwarmu na ce masa ɗan maƙwabcina ne aka buga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in kawo ɗan maƙwabcin nawa, tunda ga alama ina ƙaunarsa ƙwarai. Ya ce ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana warkewa in an ba ta hutu an kula da ita, da yawa suna komawa wasa lafiya lau. Haɗarin shi ne a sake bugunta kafin ta warke, kuma ba a gane ta warke ko ba ta warke ba sai an duba, an kuma ji gaskiya daga bakin mai ita. Na so in kai ka, na san za ka zauna gabansa ka ce ça va, ya sallame mu. Likitocin can ma haka za ka yi musu, su ba ka hular kwano, su tura ka cikin mutanen da suka fi na Yopougon girma da gudu. Tun da na fito daga wurinsa abinci bai yi mini daɗi ba. Ina tsoro, Nuhu. Ban taɓa faɗa maka wannan kalma ba, yau na faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na wuce tashar Bassam na zauna kusa da Sale. Na ce yau zan nemi gafararsa, tun da ban taɓa yi ba. Na ba shi labarin duka, motar, buhun, ruwan da na zuba masa, yadda na mayar da shi sahu. Ya saurare ni da kyau yana gyara goro a tire. Da na gama na ce ya yafe mini don Allah. Ya dube ni da tausayi, ya ce, «Wane buhu, Yaya?» Sai ya zaɓi farin goro mai kyau ya ba ni, ya ce in daina damuwa. Na tashi na tafi, ban san ta inda na bi na isa gida ba.

Saboda haka ga abin da na yi. A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda ta biyu. Na zaunar da Balkisa ta rubuta ta da Faransanci, wata abokiyar aikinta ta juya ta Turanci a ƙasa. Ta faɗi ranar gwaji da tambayar da ka maimaita, ta faɗi bugu na biyu da aman da ciwon kan, ta kuma faɗi cewa a'ar da ke takardar farko uba ne ya sa aka rubuta, ɗan bai ce komai ba. Na sa hannu. Na gaya wa mahaifiyarka komai jiya, har da maganar Sale, kuma da saninta na saka takardar. Ka miƙa wa likita da hannunka ranar da za a duba ka, ka ƙara da bakinka duk abin da ban sani ba. Na fi so ta fito daga gare ka, don su san irin mutumin da suka ɗauko. Amma ba zan ɓoye maka ba, Balkisa ta ɗauki hotonta a waya, Kwasi kuma yana da lambar Ba'amurken. In ranar ta wuce ba ka kira ni ka ce ka bayar ba, ni zan aika.

Na san kana iya cewa na rusa maka abin da ka gina, ni da na ɓata tun farko. Kana da gaskiya in ka faɗa. In sun ce ka huta, ka huta, ka shiga aji ka yi karatun da ya kai ka, ka zauna ka haddace littafin dabarun nan nasu, tunda Kwasi ya ce aikinka rabinsa ido ne da tunani. In kuma sun ce ka koma gida, ka komo. Ni zan je filin jirgi in ɗauko ka, ni zan tsaya a kasuwa da masallaci in ce ni na jawo, duk mai dariya ya yi da ni. Ƙila ka yi shekara ba ka yi mini magana ba, zan iya ɗaukar wannan. Na fi so ka dawo kana fushi da ni, kana kuma sane da abin da na yi maka.

Ka riƙe sallarka ko da a tsakanin horo ne, ka nemi inda Musulmi suke taruwa ranar Juma'a. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ita ba ta yi maka laifin komai ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare maka kanka da wuyanka da hankalinka, Ya sa likitocin su ga abin da ke akwai, Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya a inda ubanka ya kasa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai da ƙafarka, kana gane kowa da sunansa. Amin.

Ka yafe mini.

Mahaifinka,
Iliyasu